Mikin ƙafa a jikin mai suga: me ke sa wani ya warke, wani kuma a yanke?

Abban Sadiq: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, ina so masana a cikinmu su warware mana. Mutum biyu duk masu ciwon suga, duk miki ya fito musu a ƙafa, ɗaya za ka ga an yi ta dresin wata biyu wata uku ya warke ya koma kasuwarsa, ɗayan kuma kafin ka ankara an ce an cire yatsa, daga yatsa sai ka ji an tafi gwiwa. Shin hawan sugan ne kaɗai ko da wani abu daban? Don na san wanda aka yanke wa alhali ya fi kowa kiyaye baki, ko shayi ba ya sha da sukari.

Baffa Tela: Wa alaikumus salam. In dai gaskiya ake so a faɗa, likitocin ne ba sa son wahala. Suna jin ance mai suga ne sai a fara wasa wuƙa. Shi yasa mutane ke gudun asibiti, kuma ni ban ga laifinsu ba, wa zai kai ƙafarsa da kansa a sare

Maman Khairat: Wlh Baffa ba kai kaɗai ke faɗin haka ba, mu ma haka muke ji a gari

Anti Nas: Baffa don girman Allah ka daina yaɗa wannan maganar, ita ce take cinye mana ƙafafun mutane. A ɗakin kwanciyar maza na ɓangaren tiyata nake aiki, bari in gaya maka yadda ake kawo mana su. Ƙafa naɗe da tsumma an ɗora leda baƙa a kai an ɗaure da kyalle, tun daga bakin ƙofa wari zai gaya maka abin da ke ciki, ka kwance ka tarar da yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, tafin ƙafa ya kumbura yana tsatsafo da ruwa, an barbaɗa garin kafso an shafa baƙin mai wani ma har da toka da dakakken ganye. Ka tambayi mai ƙafar yaushe ya fara ya ce ai bai fi sati biyu ba, matarsa tana gefe ta ce a'a Malam tun kafin azumi ne fa. To a nan me kake so likita ya yi? Naman da ya riga ya mutu ba ya dawowa. Kuma yanke ƙafa ba hutu ba ne a wurinmu, a nemi jini, a daidaita suga, a shiga tiyata, a dawo a yi ta jinyar dungulmin, wallahi dresin ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba.

Baffa Tela: Anti ni ba da ke nake ba, Allah ya ba ki haƙuri

Anti Nas: Ba fushi na yi ba Baffa, abin ne yake min ciwo.

Dakta: Salamu alaikum. Abban Sadiq tambayarka tana da kyau, bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri. Hawan suga shi ne tushen, amma ba shi ne yake yanke hukunci a ranar da miki ya fito ba. Ɓarnar da ya riga ya yi a shekarun baya ita ce ke magana. Mutum zai iya daina shan sukari yau amma ya yi shekara goma sugansa na sama bai sani ba, jijiyoyin ji sun mutu, hanyoyin jini sun tsuke.

An yi wani bincike a manyan asibitoci shida na Najeriya tsakanin 2016 da 2017, har da na Kano da Zariya a ciki, aka bi marasa lafiya 336 da aka kwantar saboda mikin ƙafa na suga. Kashi 35 cikin 100 an yanke musu wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma sun rasu a asibitin. Da aka tace abubuwan da suka bambanta waɗanda aka yanke wa da waɗanda suka tsira da ƙafarsu, uku ne suka fito fili: mikin ya haura wata ɗaya kafin a zo asibiti, jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata, sai kuma ƙwayoyin cuta sun kai ga ƙashi. A cikin ukun nan jinkirin ne ya fi nauyi. Kun ga ashe abin da Anti take faɗa ba ƙorafin ma'aikata ba ne kawai.

Abban Sadiq: Dakta wannan na jinin fa, ya mutum zai gane a gida? Don ni ina ɗauka in dai ƙafa ba ta kumbura ba lafiya lau take.

Dakta: Akwai alamu. Ƙafa ta riƙa yin sanyi fiye da ɗayar, gashin ƙauri ya zube fatar ta yi sheƙi, farce ya yi kauri, in ka yi tafiya kaɗan sai sha-raɓa ta ɗaure da ciwo, ka tsaya ka huta ya saki, ka ci gaba ya dawo. In abin ya yi nisa har a kwance ciwon yake zuwa da dare, mutum ya riƙa sauko da ƙafar ƙasa daga gado don ya ji sauƙi. Mu kuma muna laluben bugun jini a bayan ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki, in ba mu ji ba sai a yi hoton dofla, wato hoton da ke nuna gudun jini a jijiya, ko a gwada ƙarfin jinin idon sawu a kwatanta da na hannu, in lissafin ya gaza 0.9 to akwai toshewa. Amma a masu suga da masu ciwon ƙoda wani lokaci jijiyar tana ƙandarewa lissafin ya fito sama ya ruɗi mutum, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai.

Dalilin da ya sa wannan yake da haɗari, miki da jini yake warkewa, kuma maganin da ka sha ko aka yi maka allurarsa jini ne zai kai shi wurin. Kamar gonar rani ce da aka datse mata ruwa daga sama, ko buhu nawa na taki ka zuba ba abin da zai tsiro. Masu shan taba, masu hawan jini, masu kitse a jini da waɗanda suka manyanta su suka fi shiga wannan. Taba kam ba ragewa ake ba, bari ake gaba ɗaya, har da shisha.

Baffa Tela: To Dakta ranka ya daɗe ga tambaya. Akwai wani dattijo da na sani, an ce za a cire masa yatsa ya sa hannu ya bar asibiti, ya koma gida aka yi masa na gargajiya, yatsan ya bushe ya faɗi da kansa kuma yau shekara nawa yana nan da ƙafarsa yana zuwa masallaci. Wannan fa me za ku ce

Dakta: Yana faruwa Baffa, ban musa ba. Ruɓewar iri biyu ce. Akwai busasshiya, yatsa ya yi baƙi ya ƙanƙance ba ruwa ba wari, an ga iyaka tsakanin mataccen nama da mai rai, irin wannan mu kanmu wani lokaci mukan bar shi muna sa ido har ya faɗi. Ba maganin da aka shafa ne ya cire shi ba. Akwai kuma jiƙaƙƙiya, mai kumburi da wari da ruwa, tana bin jijiyoyin tafin ƙafa tana hawa, wannan cikin kwanaki kaɗan za ta iya tashi daga yatsa ta kai ƙauri ta shiga jini. Shi dattijon ya dace da ta farko. Waɗanda suka sa hannu suka tafi da ta biyu ba sa nan balle su ba ka labari, ko kuma su ne ake dawo mana da su bayan sati biyu, wanda da yatsa ɗaya za a cire yanzu sai ƙasan gwiwa ko samanta.

Maman Khairat: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ka raba mu da mummunar ƙaddara

Sani Mai Kemis: Amin. Amma ina so in ɗan kare kanmu tunda na ga an ambaci kafso, ko da yaushe mu ake zagi. Mutum ne zai zo maka da ɗari biyar a hannu ya ce wanke min ka ɗaure, ka ce masa Baba wannan na asibiti ne ya ce shi ba shi da kuɗin kati balle na gwaji, in ka ƙi ya wuce shago na gaba ko ya tafi wurin wanzami a yi masa sakiya. To wanne ya fi? Ni dai duk wanda ya zo min da ciwo a ƙafa in ya haura shekara arba'in sai na soki yatsarsa na auna, kuma wlh da yawa a nan suke fara jin cewa suna da suga, mutum na yawo da 300 da wani abu bai sani ba

Anti Nas: Malam Sani aunawar nan da kake yi Allah ya saka da alheri, da kowa na yi da an rage. Inda muke samun matsala da ku shi ne riƙewa. Ka wanke yau ka wanke jibi, sama ta yi kyau ta bushe, alhali a ƙasa rami ne yana cin ciki. Mikin mai suga bakinsa ƙarami ne cikinsa faɗi. In ka auna ka ga suga ne, wanke na farko ya zama na ƙarshe a wurinka, ka tsorata shi ya tafi. Zancen kuɗi kuma gaskiya ne ba wanda zai musa, amma kuɗin makon farko da kuɗin wata na uku ba ɗaya ba ne, na farko gwaji ne da magani da dresin, na ukun jini leda-leda ne da tiyata da ƙafar roba.

Sani Mai Kemis: Wannan haka yake

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum, ina biye da ku daga nan Nijar. Lokotoro ina da tambaya, ku kuna faɗin 300, mu nan in an auna a likita sai a ce 1,26 ko 2 gram, mi ne bambancin? Kuma babana shekara 12 yana da shi, yanzu yana cewa ƙafarshi kamar ya sa safa, wani lokaci takalmi na fita bai sani ba sai an gaya mishi. Ba miki ko ɗaya. Shi ma yana cikin hatsari?

Dakta: Wa alaikumus salam. Awo ɗaya ne, ku gram a lita kuke faɗa, 1,26 naku shi ne 126 namu, wasu injinan kuma su nuna 7, duk iyakar da ake cewa mutum na da suga ke nan in an auna kafin a karya. Shi kuma Baba, eh yana cikin haɗari, kuma yanzu ne lokacin da ya fi dacewa a tashi tsaye tun ba miki. Abin da yake ji alamar jijiyoyin ji sun taɓu ne. Akwai wani ɗan siririn zare na roba da muke dannawa a tafin ƙafa, nauyin gram 10, in mutum bai ji ba to ƙusa ma za ta iya shiga bai ji ba. Ciwo shi ne ke sa mai lafiya ya ɗingisa ya huta da ƙafa, shi kuwa wanda ba ya ji zai ci gaba da taka mikin yana zuwa gona yana zuwa kasuwa, kullum yana murje naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Shi ya sa ko an zo asibiti da wuri, in ba a ɗauke nauyi daga kan mikin ba, da sanda ko takalmi na musamman ko filasta mai tauri irin ta ɗorin karaya, ba zai rufe ba.

A riƙa duba masa ƙafa kullum, tafin da tsakanin yatsu da dunduniya. In idonsa ya yi rauni, wanda shi ma suga ke kawowa, kada a bar masa, wani ya duba. A zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai lokotoro, Allah shi biya

Hajiya Yalwa: Ni abin da zan ƙara na mata ne da tsofaffi, tunda ni ma shekarata tara da ciwon. Lokacin hunturu a kula da kaskon wuta, tsohuwa za ta miƙa ƙafa kusa da garwashi tana jin daɗi barci ya ɗauke ta, da safe a ga ƙafa ta yi bororo. Haka gashi da ruwan zafi, mu Hausawa komai gashi, ƙafa na tsami a ce a gasa ta, a tafasa ruwa a tsoma, ita ba ta jin zafin sai fata ta saɓule. In za a yi wanka ma a taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna. Sai faso, iskar hunturu na tsaga dunduniya, ta nan ƙwayar cuta ke shiga, a shafa mai amma ban da tsakanin yatsu, can kuma bayan alwala tsanewa ake so a yi don jiƙar nan ita ke sa wurin ya yi fari ya tsage. Sannan masu zuwa Hajji da Umara, takalmi ya ɓace a ƙofar Harami mutum ya ce bari in taka zuwa masauki ai ba nisa, kwaltar Makka da rana tsaka, na ga wanda tafin ƙafarsa duka biyu suka ɗaye. A riƙa saka takalmi a 'yar jaka a rataya.

Maman Khairat: Hajiya lalle fa? Don mamana ba ta rabuwa da shi

Hajiya Yalwa: Ni dai na bar na ƙafa 'yata. Ba wai shi ke kawo mikin ba, amma in ƙafa ta yi baƙi da lalle ta yaya za ki gane yatsa ya canza launi ko wuri ya yi ja? Ga zaman ɗaure ƙafa a leda na awoyi. A hannu nake yi yanzu.

Maman Khairat: Kai, kuma fa kun tuna min, akwai maƙwabciyarmu da ɓera ya riƙa gaigayar yatsunta da dare tana barci a tabarma, sai da safe ta ga jini, aka yi ta cewa jifa ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu kusan wata biyu

Anti Nas: Ɓera kam muna gani sosai, ba almara ba ce. Zancen jifa da an taka sammu kuwa shi ne babban abin da ke cinye watan nan guda da Dakta ya faɗa. Ni ba na hana kowa addu'a, a yi ta a gadon asibiti, malam ya zo har ɗaki ya tofa, muna ba shi kujera ma. Amma kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a yi sakiya.

Abban Sadiq: Dakta saura na ƙashin ba ka yi bayani ba. Kuma na ji ana cewa wai mataki-mataki ne mikin.

Dakta: Eh akwai ma'aunin Wagner, daga 0 zuwa 5. Na 1 a fata yake, na 2 ya nutsa zuwa jijiya ko gaɓa, na 3 akwai taruwar mugunya a ciki ko ƙashi ya kamu, na 4 wani sashe kamar yatsu ya ruɓe, na 5 ƙafar ce gaba ɗaya. Na 1 da na 2 yawanci ana cin nasara in jini na gudu. Daga na 4 galibi magana ta koma ina za a yanke, ba ko za a yanke ba. Shi ƙashi, muna zura wani ɗan ƙarfe mai tsabta a cikin mikin, in ya taɓo abu mai tauri to da wuya ƙashin bai kamu ba. Hoton ƙashi yakan yi sati biyu zuwa uku bai nuna komai ba a farko, don haka kada wani ya ce ai an yi hoto an ce lafiya. In ya kamu, magani na kusan sati shida ne, ba na kwana biyar ba, wani lokaci kuma sai an kankare ko an cire guntun.

Wani abin da ke ruɗar mutane, mai suga zai iya samun mummunar cuta a ƙafa ba zazzaɓi ba ciwo. Abin lura shi ne ja da ke faɗaɗa a kewayen mikin, ɗumi, kumburi, wari, ko suga ya haura haka kawai ya ƙi sauka duk da ana shan magani. Wannan a ranar ake tafiya, ba a jira Litinin.

Sai ƙoda. Wanda ake ganin furotin a fitsarinsa, balle wanda ake wa wankin ƙoda, haɗarinsa ya ninka, don ƙoda da ido da ƙafa tare suke lalacewa. Ƙarancin jini ma haka, da rashin abinci mai gina jiki. A nan ina da ƙorafi a kan 'yan uwa masu jinya, a hana mutum komai sai acca da ganye har ya rame, alhali miki na buƙatar ƙwai da kifi da nama da wake kafin ya cike. Sannan wanda ya taɓa yin miki ya warke kada ya saki jiki, kusan kashi 40 cikin 100 yana dawo musu cikin shekara guda, wanda aka taɓa cire wa yatsa kuma takunsa ya canza, nauyi ya koma wani wurin, kanta ta fito, a ƙarƙashin kantar sabon miki ke farawa. Kada a yanke ta da reza, kuma masu yawo da almakashi suna yankan farce a kasuwa ba na mai suga ba ne.

Abban Sadiq: To ashe shi wanda nake magana a kai ɗin nan yana shan taba tun yana saurayi, kuma ƙodarsa ta taɓu. Yanzu na gane.

Baffa Tela: Dakta na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma har yanzu akwai inda ban sauka ba. Me yasa da an kwantar da mutum sai a ɗauke shi daga ƙwaya a mayar da shi allurar insulin? Mu a saninmu duk wanda aka fara wa allurar nan to ya kusa, kuma ba ya rabuwa da ita har abada

Hajiya Yalwa: Haba Baffa, ni shekara huɗu ina yi wa kaina safe da yamma, ga ni ina maka rubutu

Baffa Tela: Hajiya ke daban ce, Allah ya ƙara lafiya

Dakta: In cuta ta shiga jiki suga yana haukacewa ne, ƙwaya ba ta iya riƙe shi, in kuma ƙoda ta yi rauni wasu ƙwayoyin ma ba a so a sha. Da yawa in mikin ya lafa ana mayar da su kan ƙwayarsu. Amma wannan wata muhawarar ce mai zaman kanta Baffa, ka ɗago ta daban gobe mu yi, yanzu ana nemana a ɗakin haɗari.

Baffa Tela: Zan ɗago ta kuwa, don ina da tambayoyi sun kai biyar